Malam Edita, a riƙa tambayar wace goɗiya ce ta haifi dokin

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran abokan aikinka baki ɗaya, Allah ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne daga nan Garwa a arewacin Kamaru, a waya nake karantawa tunda ta takarda ba ta isowa wajenmu. Abin da ya sa na zauna nake wannan dogon rubutu shine hotunan hawan sallah da kuke sakawa duk shekara, muna jin daɗinsu wallahi, har turawa juna muke a WhatsApp muna kwatanta su da namu hawan na ƙofar Lamiɗo, wanda Faransawa suka laƙaba wa fantaziya. Amma akwai abin da yake ci mun tuwo a ƙwarya. Duk hoton da za ka gani ingarma ne, ga sirdi ga linzami ga kayan ado har ƙasa, a yabi mai doki a yabi doki, wani lokaci a ce ai jinin dokin wane ne, amma ban taɓa jin wanda ya tsaya ya ce wace goɗiya ce ta haife shi ba, tana ina, tana raye ko ta mutu, me take ci. Kamar dai daga sama dokin ya faɗo.

Ni a barga na tashi. Mahaifina Allah ya jiƙansa dillalin dabbobi ne, shanu ne sana'arsa amma doki ne abin sonsa, to tun ina ƙarami ni ke yankan ciyawa, ni ke jiƙa dusa da kanwa, ni ke cire kaska. Shi ya sa da waya ta zo hannu na fara bin labarin dawakin tseren turawa, irin da suke kira Thoroughbred, kuma a cikinsu babu wanda labarinsa ya tsaya mun a rai kamar wata goɗiya ja mai suna Urban Sea. Ita nake so in ba masu karatu labarinta dan Allah a yi haƙuri da tsawon.

An haife ta a 1989 a jihar Kentaki ta Amurka. Sunan ubanta Miswaki, eh kamar dai asuwakin da muke goge baki da shi, uwarta kuma Allegretta wadda jininta na dawakin Jamus ne. Tana 'yar shekara ɗaya aka kai ta kasuwar gwanjon dawaki ta Deauville a Faransa aka saye ta faran 280,000 na Faransa. A lokacin ba a karya darajar sefa ba tukuna, faran ɗaya sefa 50 ne, kaga kenan miliyan 14 na kuɗinmu. A wajenmu kuɗi ne masu yawa, amma a waccan kasuwar inda ake zuba miliyoyi kan dukushi ɗaya wannan farashin na tsaka-tsaki ne, ba wanda ya waiwaye ta. Wani mai horar da dawaki Jean Lesbordes shi ya riƙe ta, shi ma ba ya cikin manyan da ake ji da su a lokacin, daga baya ta koma hannun iyalan Tsui, 'yan kasuwa ne daga Hong Kong.

Ta sha yawo. Ta yi gudu a Faransa, ta yi a Jamus, ta yi a Ingila, an ɗora ta a jirgi zuwa Kanada, zuwa Hong Kong, har Japan ta je, wani wajen ta ci wani wajen ta zo ta biyu ko ta uku wani wajen ma ba a ganta a gaba ba. Duk wanda ya taɓa ɗora doki a bayan mota daga Marwa zuwa Garwa ya ga yadda yake sauka jiki na rawa ya ƙi cin abinci kwana biyu, zai gane irin ƙarfin zuciyar dabbar da za a yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa kuma ta sauka ta yi gudu. Ni wannan juriyar ce ma ta fi burge ni fiye da saurin.

Sai ranar Lahadin farko ta watan Oktoba 1993, a filin Longchamp da ke birnin Paris, tseren da ake kira Prix de l'Arc de Triomphe, a taƙaice Arc, mita 2400, wanda duk Turai babu kamarsa. Dawaki 23 suka fito, ƙasa ta jiƙe da ruwan sama ta yi nauyi. Ba wanda ya sa ta a lissafi, masu caca ma 37 a kan 1 suka ba ta, ma'ana sun fidda rai da ita. Wanda ya hau ta saurayi ne, Eric Saint-Martin, ubansa Yves Saint-Martin ya ci wannan tseren har sau 4, to shi ɗan ana masa kallon inuwar uba ce kawai. Bidiyon yana nan a YouTube, na kalle shi ya fi a ƙirga, ranar nan ma da daddare a ƙofar gida na nuna wa yaran unguwa muna zaune kan tabarma kawuna sun haɗu a kan waya ɗaya. Za ka ga an shawo kwanar ƙarshe dawaki sun baje a fili kowa na neman hanya ta waje, ita kuwa ta lafe a jikin shinge ta ciki, wata 'yar kafa ta buɗe mahayin ya cusa ta, kafin a ankara ja ta fito gaba, wani doki White Muzzle ya taso mata kamar zai cinye ta amma ta ƙi ba da kai, da tazarar wuya ɗaya ta riga shi, Opera House ya zo na uku. Wani yaro cikin yaran ya ce Baba wai wannan mace ce? Nace mace ce, ya yi shiru yana kallona don shi a saninsa goɗiya ta keken ɗaukar kaya ce.

Bari in ɗan tsaya nan tunda na ambaci caca. Mu nan ƙasashen da Faransa ta raina kowa ya san 'yan rumfunan tiyarse da kinte a bakin titi, mutum ya zauna da takarda da biro yana lissafin lambobin dawakin da ke gudu a Paris, bai san sunan dokin ba bare uwarsa, lamba kawai ya sani, kuɗin cefane ya tafi. Ni ba ruwana da wannan, haramun ne kuma na ga gidajen da ya rusa. Amma haramcin caca bai shafi doki ba. Annabi sallallahu alaihi wa sallam ya sa an yi tseren dawaki a Madina, kuma ya ce alheri a ƙulle yake a goshin dawaki har ranar tashin ƙiyama. To son doki da sanin asalinsa namu ne tun kafin bature ya kawo rumfarsa.

A 1994 ta ƙara cin wani tsere, Prix d'Harcourt, daga nan ta samu rauni a ƙafa aka ajiye ta. A nan ne fa labarin ya fara a wajena. Da a garinmu ne, goɗiyar da ta ji ciwo a ƙafa ta gama amfani, a kai ta kasuwa ranar Lahadi a Pitowa a karɓi abin da ya samu. Su kuwa sai suka ajiye ta don haihuwa, daga baya suka kai ta ƙasar Ailan inda ciyawa take kore shekara zagaye, aka ware mata fili, aka zauna ana nazarin wane ingarma ne ya dace da jininta.

Ɗanta na fari Urban Ocean, 1996, ya ci tsere daidai gwargwado. Ta biyu mace ce, Melikah, ubanta Lammtarra wanda shi ma ya ci Arc, tana shekara ɗaya aka kai ta wannan kasuwar ta Deauville da aka sayi uwarta da araha, aka saye ta faran miliyan 10. Lokacin an riga an karya sefa tun Janairun 1994, faran ɗaya ya koma sefa 100, kaga biliyan ɗaya kenan cif a kan 'yar dukusa da ko sirdi ba a taɓa ɗora mata ba. Me aka saya? Sunan uwarta aka saya.

Sai 1998 aka kai ga wanda duniya ta sani, Galileo, ubansa Sadler's Wells. Aidan O'Brien ne ya horar da shi, Mick Kinane ke hawansa. A 2001 yana shekara uku ya ci Derby na Epsom a Ingila, tseren da ake yi tun 1780 kuma doki sau ɗaya tak yake da damar shigarsa a rayuwarsa don na 'yan shekara uku ne kawai, ya zo ya ci Derby na Ailan, ya ƙara da King George a Ascot. Sau 8 ya fita ya ci 6. Amma gudunsa ba komai bane in aka kwatanta da abin da ya yi da aka mayar da shi gidan kiwo na Coolmore don baye. Sau 12 yana zama zakaran iyayen dawaki na Ingila da Ailan, a 2008 sannan daga 2010 har 2020 ba fashi. 'Ya'yansa 5 suka ci Derby, New Approach a 2008, Ruler of the World a 2013, Australia a 2014, Anthony Van Dyck a 2019, Serpentine a 2020. A Arc na 2016 na ɗaya da na biyu da na uku duk 'ya'yansa ne, wato jikokin goɗiyar nan da ba wanda ya sa a lissafi a 1993. Kuma shine uban Frankel, dokin marigayi Yarima Khalid Abdullah na Saudiyya, wanda ya fita sau 14 ya ci 14, na gaba ya yi gaba na baya sai labari. Frankel ɗin nan a 2024 kafin ya hau goɗiyarka sau ɗaya sai ka ajiye fam 350,000, ya haura sefa miliyan 250. Galileo ya mutu a watan Yulin 2021 yana da shekara 23, amma 'ya'yan da ya bari sun ci gaba da ci har a 2024 adadin waɗanda suka ci tseren ajin farko, wato mataki mafi girma a tseren dawaki, a cikinsu ya cika 100.

To wani zai ce ai wannan aikin Sadler's Wells ne, uban ne mai kyau, kyan ɗa ya gaji ubansa. Nima da haka na ɗauka. Amma duba abin da ya biyo baya. An sake kai ta wajen Sadler's Wells ta haifi Black Sam Bellamy shi ma ya ci ajin farko a Italiya da Ailan. Aka canza uba aka kai ta wajen Giant's Causeway ta haifi My Typhoon, mace, ta je Amurka ta ci ajin farko a Saratoga a 2007. Aka sake canza uba aka kai ta wajen Cape Cross, dokin da aka sani da gudun gajeren zango, mil ɗaya, sai ta haifi Sea The Stars a 2006, wanda da yawa daga masana suke cewa ya fi yayansa Galileo gudu nesa ba kusa ba. Uba uku daban daban, uwa ɗaya, sakamako ɗaya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma Bahaushe da ya yi wannan karin maganar ai uwa ya ambata.

Sea The Stars bai bar gida ba, iyalan Tsui suka riƙe abinsu da sunan ɗansu Christopher, John Oxx ya horar da shi, Mick Kinane ɗin nan dai da ya hau yayansa shi ya hau shi yana ɗan shekara 50. A 2009 cikin wata shida ya ci manyan tsere shida, kowane wata ɗaya, 2000 Guineas a watan Mayu, Derby a Yuni, Eclipse a Yuli, International na York a Agusta, Champion Stakes na Ailan a Satumba, sannan a Oktoba ya je Longchamp filin da uwarsa ta ci shekara 16 baya, dawaki suka rufe shi ta ko'ina har an ce ya makale, shi ma ta ciki ya samu kafa ya ratsa ya wuce. Kafin shi goɗiya ɗaya ce kawai ta taɓa cin Arc kuma ɗanta ya ci, Detroit a 1980 da ɗanta Carnegie a 1994.

Abin da yake sa ni jin wani iri in na tuna, uwar ba ta ga ko ɗaya cikin wannan ba. Ranar 2 ga Maris 2009 ta mutu a gidan kiwon dawaki na gwamnatin Ailan wajen haihuwar ɗanta na 11, tana da shekara 20, wata biyu cif kafin Sea The Stars ya ci tserensa na farko na wannan shekarar. Jaririn ya rayu, wata goɗiya aka samo ta shayar da shi, aka sa masa suna Born To Sea, shi ma ya girma ya zo na biyu a Derby na Ailan a 2012.

Akwai ɗaya cikin 'ya'yanta da nake so masu kiwo su riƙe sunanta fiye da su Galileo ma, Cherry Hinton. Wannan ko tsere ɗaya ba ta taɓa ci ba. A lissafinmu na nan asara ce, albasa ba ta yi halin ruwa ba, a rabu da ita. Ba su rabu da ita ba saboda sun san 'yar wace ce, suka ajiye ta don haihuwa, ta haifi Bracelet wadda ta ci Oaks na Ailan, babban tseren goɗiyoyi 'yan shekara uku, a 2014. Melikah ma ta biliyan ɗaya ɗin nan ba ta ci babban tsere ba, ta zo ta uku a Oaks na Ingila ta biyu a na Ailan, amma ta tsatsonta aka samu Masar, dokin da ya ciwo wa bargar Godolphin ta Sheikh Mohammed na Dubai Derby a 2018, kuma shi Masar ta wajen uba jikan Galileo ne, kaga ta gaba ta baya jinin Urban Sea ne a jikinsa. Jini yana iya kwanciya a 'ya ya tashi a jika, amma sai in an san inda 'yar take.

Yanzu bari in dawo gida in faɗi abin da ya sa duk wannan yake mun ciwo. Mahaifina ya taɓa sayo wata goɗiya a kasuwar Bogo can wajen Marwa, a hannun wasu Larabawa Shuwa da suka gangaro da ita daga wajen Cadi, muna ce mata Ta-Bogo. Ba ta da wani kyan gani, siririya ce mai dogon wuya da ɗan ƙundumin goshi irin na dawakin Dongola, amma in aka fita kilisa da yamma bakin Binuwai sai sauran dawaki sun jiƙe da gumi ita ko numfashinta bai canza ba. Daren da ta haihu ina nan, ina ɗan shekara goma sha biyu, lokacin sanyi ne, Baba ya tashe ni ya ce riƙe fitila. Ta kwanta ta tashi ta kwanta, can sai ga ƙafafu biyu na gaba sun leƙo da ɗan hanci a kansu, Baba yana ta bismillah a hankali yana cewa kar ka matsa kusa, kar ka yi magana. Da ya faɗo baƙi wuluk jiƙe sharkaf, sai ta juyo da kai tana lasarsa tana wani ƙaramin gurnani da ban taɓa jin doki ya yi ba, kafin a kira assalatu ya miƙe kan ƙafafunsa yana tangaɗi yana laluben nono. Har yau in na rufe ido ina jin warin wannan daren, hayaƙin fitila da danshin harawa.

Akawal ɗin nan ya girma ya zama abin kallo. Duk sukuwar da samari suka shirya a bayan gari shi ke gaba, har wani babban mutum ya aiko aka saye shi da daraja, aka riƙa hawansa ranar sallah ana nuna shi. Mutane suna ta zuwa suna tambayar Baba wane doki ne ubansa don su kai nasu goɗiyoyin. Ba wanda ya tambayi uwar, alhali tana nan ɗaure a turke a gabansu tana kora ƙuda da wutsiya. Da shekarar ta yi tsanani, hatsi ya yi tsada, harawa ta yi wuya, aka duba a barga wa za a rage, ita aka kama. Wani manomi ya saye ta don garma da jan keke, ko garinsu ba mu tambaya ba. Ban ga laifin Baba ba Allah ya sani, yana da iyali a wuyansa kuma haka kowa yake yi. Amma bayan shekara biyu da ya ga sauran 'ya'yan wancan ingarman da aka yi ta rububi ba wanda ya kama ƙafar akawal ɗinmu, da bakinsa ya ce mun, ɗan nan mun sayar da rijiya mun riƙe guga. Ya aika a neme ta kasuwa kasuwa har Adumri, ba a same ta ba.

Kuma lissafin a fili yake ga duk mai kiwo. Ingarma ɗaya irin su Galileo yana iya hawan goɗiya fiye da 100 a shekara, to ko an yi kuskure a kansa ana gyarawa. Goɗiya kuwa wata 11 take ɗauke da ciki, ɗa ɗaya a shekara in an yi sa'a, duk rayuwarta da ƙyar ta ba ka goma ko sha biyu. Ita ke ɗaukar cikin, ita ke shayarwa, a gindinta ɗan yake koyon tsoro ko rashin tsoro. In ka bar ta da yunwa tana da ciki, ka ɗaura mata keken yashi har wata na tara, to ko wane irin ingarma ka biya ya hau ta ɗan zai fito da siraran ƙashi ne. Mu kuwa gero da dawa da dusa mai kyau na dokin hawa ne, goɗiya sai abin da ya rage, namiji mai ji da kansa ma ba ya yarda a gan shi a kan goɗiya. Larabawan sahara da aka samo asalin dawakin nan a wajensu ta wajen uwa suke ƙirga nasabar doki, goɗiya suke hawa zuwa yaƙi, kuma sayar da ita abu ne mai nauyi ƙwarai a wajensu. Mu da muke maƙwabtaka da Shuwa ban san inda muka baro wannan ba.

Abu na biyu shine rubutu. Su waɗannan dawakin tseren duk duniya ana mayar da su ga ingarmu uku da aka kai Ingila shekara 300 da suka wuce daga ƙasashen Musulmi, Byerley Turk, da Darley Arabian da aka sayo a Halab ta Siriya a 1704, da Godolphin Arabian wanda ya bi ta Tunis da Faransa kafin ya isa. Dawakin yankinmu ne na Larabawa da Barbar. Abin da bature ya ƙara a kai littafi ne. Tun 1791 wani James Weatherby ya fara buga kundin asalin dawaki, kuma abin da zai ba ka mamaki kundin a kan goɗiyoyi aka tsara shi, a rubuta sunan uwa sannan a jero 'ya'yanta a ƙasa shekara bayan shekara da sunan uban kowanne. Har yau ba a yarda da allurar maniyyi a irin nan ba, sai ingarma ya hau goɗiya da kansa an shaida an rubuta. Shi ya sa ni da nake zaune a Garwa zan iya gaya maka kakar kakar Urban Sea, amma ba zan iya gaya maka uwar Ta-Bogo da na yi wa wanka da hannuna ba.

Ba wai ba mu da masana bane. Akwai wani kawuna, tsohon mai kula da barga ne, in ya ga doki ya zagaya shi sau ɗaya ya buɗe bakinsa ya duba haƙora ya ɗaga kofato, sai ya ce wannan jinin goɗiyar gidan wane ce ta wajen Rai Buba, kakarsa kili ce mai taurin baki, kuma in aka bincika haka ne. Duk a ka yake riƙe da shi. Ranar da aka binne shi da littafinsa aka binne, ba wanda ya zauna da shi da biro ko sau ɗaya, har da ni, kuma wannan yana damuna sosai.

Kar a fahimce ni ba daidai ba, ba cewa nake a je a sayo irin su Frankel a kawo nan ba. Ko an ba mu kyauta zafin Garwa na watan Afrilu kaɗai ya ishe shi, ga kaska ga tsando ga sammore, ga ƙasa mai tauri da za ta farfasa masa kofato, dawaki ne da aka gina don gudun minti biyu a kan ciyawa mai laushi. Namu sun fi dacewa da mu. Dongola yana da tsawo da kyan tafiya, na Barbar yana da juriya da ƙishirwa, hatta ƙurun nan na mutanen Musai da ke bakin kogin Logon tsakaninmu da Cadi, da ake rainawa saboda gajarta, yana rayuwa a inda tsando yake kashe manyan dawaki. Wannan dukiya ce Allah ya ba mu. Abin tsoron shine yadda ake ta cakuɗa su ba lissafi, mai kyau ya tafi ba a san ta ina ya zo ba bare a maimaita. A Injamena ana tseren dawaki mutane suna cika fili, a Marwa da Garwa ma samari suna da sha'awa, amma in ka tambayi mai dokin da ya ci ina uwarsa sai ya yi dariya ya ce ai a kasuwa ya saya.

Roƙona gare ku Malam Edita guda biyu ne. In wakilanku sun je ɗaukar hawan sallah ko tseren dawaki, a Kano ne ko Katsina ko Damagaram ko nan wajenmu, dan Allah su ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda suka saba, su ce ranka ya daɗe wace goɗiya ce ta haifi wannan, tana ina. In aka yi ta tambaya masu dawaki za su fara jin kunyar cewa ba su sani ba. Sannan ku nemi tsofaffin shamakai da masu kula da bargar sarakuna da lamiɓe tun suna raye, ku zauna da su ku naɗi abin da ke kansu ku buga, ko shafi ɗaya ne a wata. Fadodin nan suna da magatakarda, littafi ɗaya a kowace barga ba zai gagare su ba, a rubuta ranar baye, sunan uwa, sunan uba, launi, ranar haihuwa, wanda ya saya da garin da aka kai shi. Likitocin dabbobi da ke zagayen rigakafi ma za su iya taimakawa da wannan in an nemi su.

Ni dai na fara nawa. Bara na haɗa kuɗi na sayi wata goɗiya bidi a hannun wani Bafulatani, kafin in biya sai da na zaunar da shi na ce Baffa gaya mun uwarta da kakarta, ya yi mamaki amma ya faɗa, har da garin da aka haifi kowacce da wadda take da harbi a cikinsu. Na rubuta a littafin 'yan makaranta mai shafi 200, na ɗauki hotonta ta gefe da ta gaba. Yanzu haka tana da ciki wata bakwai, na hana a ɗaura mata komai, ita ke fara cin dusa kafin dokin hawa, yaran gida har sun saba. In Allah ya sauke ta lafiya zan aiko muku da hoton su biyun, ita da ɗan, ina fata za ku saka.

Wassalam, na gode da haƙurin karantawa.

Naku mai karatu,
daga Garwa, arewacin Kamaru